Tukwane Sha Tara da Na Zuba wa Darma

Akwai wani wari da yake shigo mana unguwa yanzu da hantsi, in iska ta juyo daga kwarin da ke bayan Hayin Banki. Ba warin bola ba ne, ba kuma na taya ba. Yana kama maƙogwaro ya zauna, sai ka ji kamar ka tauna kwabo. 'Yan gwangwan ne suke ƙona wayoyin wuta da cikin tsofaffin talabijin da kwamfutoci don su fitar da jan ƙarfe. Magidanta ne masu iyali, wasu daga Zamfara, wasu daga wajenmu Katsina, kuma muna haɗa sahu da su a masallaci. Duk wanda ke zaune a majalisarmu in warin ya iso sai ya toshe hanci ya yi musu Allah wadai. Ni kaɗai nake shiru, har ana cewa tsufa ya kashe mini hanci. Hancina lafiya lau. Bakin zagin ne ba ni da shi, domin a wannan fanni ni ne yayansu.

Wanda zai karanta wannan ya yi haƙuri da rubutun. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma wata uku na yi, kuma gaskiyar magana na shiga ne don ajin yana kusa da gidan yarinyar da nake nema. Na samu yarinyar, na bar ajin. Har yau ina ganin ban yi asara ba.

Lokacin da na zo garin nan, Hayin Banki ba ta cika haka ba. Tsakanin gida da gida akwai gonar masara, ga rafi kana jin kwaɗi. Da safe abin da kake ji shi ne luguden mata da ƙarar guga a rijiya, can nesa kuma kukan jirgin ƙasa. Hayaƙin da muka sani na itace ne da na mai ƙosai, irin wanda yake sa ka ji yunwa, ba tari ba. Na koyi zubin tukunya a hannun wani dattijo Bakano mai maƙera a bakin hanya. Sanholo muke narkarwa, wato farin ƙarfen nan marar nauyi da ake samu a tsofaffin kwanuka da butoci. Za ka cika akwatin katako da ƙasa mai ɗan danshi, ka danna tsohuwar tukunya a ciki ta bar siffarta, ka cire ta a hankali kamar kana ɗaga jariri, sannan ka juya wilin keken da ke hura gawayi har ƙarfen ya koma ruwa, ka tsiyaya. In ka fasa ƙasar sai ga tukunya tana huci. Na yi shekara da shekaru ina wannan aiki, amma ban taɓa fasa ƙasa ban ji daɗi ba. Maigidan nawa ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya fi faɗa shi ne, "Kai, kalli abin da kake jefawa a kasko, cikin mutane zai shiga." Ni kuwa a lokacin na ɗauka duk faɗan tsofaffi iri ɗaya ne, ana saurara ne don a samu a wuce. Da ƙarfinsa ya ƙare ya koma Kano, ya bar mini maƙerar da kayan aiki. Na mai da ita jikin katangar gidan da nake haya, na zama maigidan kaina ba tare da hankalin maigida ba.

Matan wancan zamani ba sa sayen tukunya da ido. Mace za ta zo ta tsuguna, ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta jijjiga, ta ƙwanƙwasa gindin da zobe, ta ajiye ta ɗauki wata. Wadda ta fi nauyi ita ce ta ƙwarai, haka suka gada daga iyayensu. Sau nawa ina ji ana ce mini, "Wannan ai kamar ƙwarya, iska ma sai ta ɗauke ta daga murhu." To, akwai wani makanike kusa da ni da yake jefar da matattun baturan mota a bayan shagonsa. Wata rana na ɗauki ɗaya don in kawar da shi daga hanya, na ji ya kusa tsinke mini baya. Nan shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Na fasa shi da gatari, na zubar da ruwan a ƙasa, na zaro faranti-farantin darmar da ke ciki, na yanki kaɗan na jefa a kasko, na yi ta juyawa. Tukunyar da ta fito, girmanta ɗaya da na kullum, amma in ka ɗaga sai ka ji ka ɗauki abu.

Ranar da na fitar da ita ko awa ba ta yi a ƙasa ba. Kafin wani lokaci sunana ya zaga unguwa, mai tukunya mai nauyi. Ba kowa nake yi wa ba, don batir ba kullum ake samu ba, sai wadda na ga dama, ko wadda ta iya roƙo. A gindin kowace ina danna marfin kwalba a jikin ƙasar zubi ya fito kamar tambari, don kada wani ya ce aikinsa ne. Cikin kamar shekara biyu na yi guda goma sha tara. Wadda ta fi duka kyau da nauyi na kai wa matata. Na ajiye mata a tsakar gida ina hura hanci, na ce, "Ga irin wadda matan manya ke layi a kanta." Ta ɗaga, ta yi murmushi, ta ce, "Ashe dai kana da amfani, Malam." A cikinta muke cin tuwo, a cikinta take dama kunu. A cikin waɗannan shekaru biyu ta yi ɓari sau biyu, na biyun har ya yi siffar mutum, ni na kai shi maƙabarta da hannuna. Muka ce ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce. Lokacin da abin da zan ba da labari ya faru tana da ciki na uku, wata takwas.

Yaran yanzu ba su san duba-gari ba. Ma'aikacin tsafta ne mai kaki da gajeren wando da doguwar safa, yana yawo a keke da ludayi mai dogon hannu. In aka hango shi daga bakin layi sai ka ji unguwa ta rikice, ana zubar da ruwan randa, ana shara, ana kora awaki. Zai shiga har tsakar gida ya tsoma ludayin a randa ya ɗaga a rana, in ya ga tsutsa ɗaya, maigida sai ya je ya yi bayani. Namu Banufe ne, siriri, mai furfura a gemu. Da yake ni Bakatsine ne, tsakaninmu akwai wasa, kullum in ya wuce sai na ce, "Bawana, an fito leƙen randar mata?" shi kuma ya ce, "Yi aikinka, bawa, kafin in sayar da kai in sayi kifi."

Ran nan bai amsa wasan ba. Maƙwabciyata ce ta kai ƙara, wai agwaginta uku sun sha ruwan da ke kwance a bayan maƙerata sun mutu. Ya jingine keke, ya zaga baya, ya tsaya yana kallon fasassun batura da ƙasar da ta yi fari ba ko ciyawa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya ɗaga ɗaya daga cikin tukwanen da ke gabana, marar darma, ya ajiye.

Ya ce, "Ina abin da ka ciro daga cikin baturan?"

Na ce, "Masunta nake sayar wa, Yallaɓai, suna ɗaurawa a raga."

Ya ce, "Kai ne mai tukunya mai nauyi?"

Na yi dariya, na ce, "Ashe har Nufawa sun ji labari. In yi maka ɗaya?"

Ya zauna a kan bencina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce darma guba ce marar ɗaci marar wari. Ya ce in aka dafa abu mai tsami, miyar yakuwa ko kunun tsamiya, tana saki kaɗan kaɗan ta bi abinci, ta zauna a jiki ba ta fita. Babba yana iya ɗauka ya daɗe, amma yaro tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, mai ciki kuma tana iya kai wa abin da ke cikinta. Ya yi maganar a hankali, ba tsawa, kamar mai karanta wasiƙa. Sai ya ce, "Wace iri ce a gidanka?"

Na hau gyara gawayi. Ya kalle ni, ya gane.

Ya ce, "Ban ce ita ta jawo muku abin da ya same ku ba, wannan sanin Allah ne. Amma yau kada a ƙara ɗora ta a wuta. Guda nawa ka yi?"

Na ce, "Sha tara."

Ya ce, "Ina da ikon in rufe wurin nan in kai ka gaba. In na yi haka, tukwanen suna nan a murhun mutane. Kai kaɗai ka san gidajen da suke. Ka dawo mini da su duka, in gan su da idona." Ya miƙe ya ɗauki kekensa, sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ka daina shiga ɗakin matarka da kayan aiki a jikinka, ƙazamin bawa." A nan na ɗan samu numfashi, tunda ya dawo da zagi.

Na shiga gida na tarar ta ɗora ruwan tuwo. Na sauke tukunyar na zubar. Ta ce, "Lafiya, Malam?" Na tsuguna na faɗa mata komai, ban rage ba, wanda a tarihin aurenmu wannan ne karo na farko. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, ni kuwa na fi son ta zage ni. Ta dafa cikinta, sannan ta ce, "Je ka karɓo na mutane."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na sayar da kekena na sayi sanholo mai tsabta, na zuba sababbin tukwane, na ɗauka a kai ina bi gida gida ina sallama, a ba ni tsohuwa in ba da sabuwa kyauta. Gidan farko aka ce matar ba ta nan, alhali ina jin muryarta. Gida na biyu aka leƙo aka ce, "Sabuwa a kan tsohuwa, kuma kyauta? Kai?" Matsalar ita ce unguwar nan kaf an san ni. Ni ne na taɓa shelar cewa an ga wata tun azumi na ashirin da takwas, ni ne na sa liman ya yi tafiyar mil biyu zuwa walimar da ba a yi ba. Yanzu na zo da gaskiya a kai, babu mai saye. Na ce guba ce, suka ce, "Shekara biyu muna ci, ga mu a tsaye." Kafin mako ya zagayo labari ya juya: wai na gano cewa azurfa ce na zuba a ciki bisa kuskure, shi ya sa nake rawar jiki. Wata tsohuwa Bazamfara, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta fito har ƙofa da tata a hannu ta nuna mini, ta ce, "Tukunyag ga? Ko ubanka ya taso ba ni ba shi. In azurfa ce, ta jikokina ce." Ta koma ta sa ta ƙarƙashin gado. Ita kam aƙalla ta daina dafawa a ciki, na ce wannan ma ci gaba ne. Mako uku ina yawo, biyu kacal na karɓo, su ma don mazajen sun tsorata da sunan duba-gari ne.

Ana cikin haka matata ta haihu. Mace, ƙarama kamar 'yar mage, amma da kuka mai ƙarfi. Na zauna a bakin maƙera ina jin kukan, na kasa hura wuta. Kwana uku da haihuwa ta aiko a kira ni bakin ƙofar ɗaki, ta ce, "Gidaje nawa suka rage?" Na lissafa mata. Ta ce, "Kai ka cika sababbin. Sauran ka bar mini."

A al'adar wancan lokaci ba a hayar tukunya. In za a yi suna, gidan mai jego yana aikawa maƙwabta aro, kuma hana aron tukunyar suna abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki. Ana gobe suna sai gwaggon matata, wadda ta zo zaman jego daga Zariya, ta yafa gyale ta shiga unguwa. Ita ba ta san kowa ba, ba wanda ya san ta da ƙarya. Kowane gida ta ce, "Mai jego tana gaisuwa, ta ce a taimaka mata da mai nauyin nan, ita ce ba ta kama tuwo." Wa zai ce a'a? Har Inna ta jawo tata daga ƙarƙashin gado, ta ce a kula mata da ita. Kafin la'asar an jere su a bayan ɗaki. Na aika wa duba-gari, ya zo da mai amalanke ta ƙofar baya. Ya kifa kowace yana duba tambarin marfin kwalba, yana ƙirgawa a fili. Da tamu da biyun farko, sha takwas.

Ya ce, "Saura ɗaya."

Na ce, "Zan nemo ta."

Ya ce, "Bakatsine ma in an matsa shi yana abin kirki." Ya bi amalanken da kekensa suka tafi.

Washegari da safe mata suka shigo aikin abinci, suka tarar da sababbin tukwane a kan murhu, farare ƙal, marasa nauyi. Ni ina waje cikin maza ana raba goro, amma kunnena yana jikin zana. Na ji an fara ƙus-ƙus, sai murya ta tashi, sai na ji Inna tana cewa a fito mata da ɓarawon nan. Liman ya kalle ni, na kalli sama. Sai na ji muryar matata daga ƙofar ɗaki, ba da ƙarfi ba, har sai da aka yi shiru don a ji ta.

Ta ce, "Iyayena, yayyena, ni na aika, ba shi ba. Ku kun san mijina maƙaryaci ne, ni ma na sani, na riga ku sani. Amma wannan karon gaskiya ya faɗa. Tawa ta fi ta kowa nauyi. Biyu na binne ina ci a cikinta. Ga ta ukun nan a hannuna, ban sani ba ko sauke tukunyar ne ya sa, ko ba shi ba. Ni dai ba zan iya ganin ana zuba wa 'ya'yanku kunu daga irinta in yi shiru ba. Wadda ta ga na ci amanarta, ga ni, ta zo ta faɗa mini a ido."

Ba wadda ta je. Can sai Inna ta ce, "To a miƙo mini ɗiyar in gani, ko ta yi kama da mutanen kirki." Aka yi dariya, aka koma tuƙa tuwo. Da yamma kowace ta tafi da sabuwar tukunya cike da abinci, don ba a mayar da tukunyar aro ba komai. Inna ta wuce ni a ƙofa ta ɗaga tata da yatsa biyu ta ce, "Ƙwarya." Ta shekara ba ta amsa gaisuwata ba, amma a ciki ta yi ta dafawa har ta rasu.

Duba-garin nan bai daɗe ba bayan haka. Mun ji ya tsallaka kogi zuwa wajen masana'antu, inda wata babbar ma'aikata take sako ruwa mai launi, yau ja gobe shuɗi, yana gangarawa inda masu lambu ke ban ruwa. Ya je da ludayinsa ya ɗebo a kwalba, ya rubuta takarda. Ba a yi wata biyu ba aka mai da shi wani ƙauye mai nisa. Ya zo yi mini sallama, na ce, "Yallaɓai, ni ka iya da ni, su fa?" Ya ce, "Kai ba ka da kowa a sama, bawa, shi ya sa ka gyaru." Ban ƙara ganinsa ba.

Yanzu ma ana zuwa. Ma'aikatan muhalli sukan zo kwarin nan da mota da riguna masu ƙyalli, su shafa jan fenti, su kewaye wurin da igiya, a ɗauki hoto. Masu ƙonawar su je wajen wani mai faɗa a ji su tuna masa yawan ƙuri'unsu, kafin Juma'a igiyar ta koma ɗaurin akuya. Wani lokaci kuma a kore su da gaske, su koma Kinkinau ko bayan Malali su ci gaba, hayaƙin ya canza maƙwabta kawai. Cikin ma'aikatan akwai yara masu son aiki, na ga wata ta tsaya tana yi wa masu ƙonawar bayani har muryarta ta dushe, amma takardarta tana da inda take tsayawa. Ban ga wanda ya zauna a bencinsu ya tambaye su wace iri ce a gidansu ba. Ni nakan gangara da sandata wani lokaci in zauna da su. Ina ce musu su tsaya ta inda iska ke fitowa, su feƙe wayar da wuƙa in za ta feƙu, su yi wanka su canza riga kafin su ɗauki 'ya'yansu. Wasu su ce, "To, Baba," su ci gaba da abin da suke yi. Mutum biyu dai na ga sun fara zuwa da rigar canji a leda. Ba na raina biyu, da biyu na fara.

'Yar nan ta rayu, ta yi karatun da ubanta ya gudu ya bari, yanzu ita ke duba mini wannan rubutu tana dariyar inda na sa waƙafi. Ƙanne biyar suka biyo ta. Uwarsu tana nan, har yau in na ba da labari sai ta ce a tambaye ta kafin a yarda. Ba ni da abin da zan ce wa Allah sai godiya.

Ta sha taran ce ban samu ba. Matar da ta saya ta sa ta cikin kayan ɗakin 'yarta, 'yar ta bi miji wani gari, na bi sawu na tarar sun tashi, aka ce sun yi yamma, daga nan labari ya yanke. Irin wannan tukunya ba ta mutuwa, na san aikina. Tana nan a wani gida, wata tana yabonta. Shi ya sa har gobe, duk gidan biki ko suna da na je, in an gama ci sai in zaga wajen wanke-wanke, in yi ta ɗaga tukwane ɗaya bayan ɗaya, wadda na ji ta yi nauyi in kifa ta in duba gindi. Matan unguwa sun yanke hukunci cewa tsohon nan ƙanzo yake nema, har sukan kankare su ajiye mini a kwano. Ina karɓa in ci. Amma sai na gama ɗaga tukwanen.